Turmi Nawa, Wane Launi, Wace Rana?

Yau a Kantin Kwari da ke Kano, ciniki da yawa ta WhatsApp ake ƙulla shi. Amma sai ka ga mai son atamfa ya cika saƙo da gaisuwa da kewaye-kewaye, bai faɗi turmi nawa yake so ba, balle ranar ɗora kaya a mota. Gaisuwa tarbiyyarmu ce, amma layi ɗaya ya ishe ta. Irin su "turo kaɗan" da "kwanan nan" su ke haddasa rigima tsakanin abokan ciniki. Rubuta: turmi 20, shuɗi, ranar Laraba, tashar Unguwa Uku. Don Allah ɗan'uwa, kafin ka tura, ka sake karantawa.