Ƙarar Injuna da Haƙƙin Maƙwabci a Sharaɗa, Challawa da Bompai

 An umarce ni in yi magana a kan ƙarar da ke hana mutane barci a unguwannin da ke jikin masana'antun Kano. Abin da nake so ku koma gida da shi, shi ne akwai doka a kan wannan al'amari, kuma dokar ta faɗi adadi.

Lokacin da aka yanka filayen Bompai, daga baya kuma Sharaɗa da Challawa, duk a bayan gari suke. Yau gari ya cim musu. Gidajen Dakata sun matso Bompai, na Ja'en suna jikin Sharaɗa, Panshekara kuma tana kallon Challawa. Ga rashin tsayayyiyar wutar lantarki tun zamanin NEPA, wanda ya sa kamfanoni suka girke manyan janareto. Injin da aka kafa a daji, yanzu katanga ɗaya ce tsakaninsa da ɗakin mai jego.

To, me doka ta ce? A 1988, bayan an jibge sharar guba a garin Koko, gwamnatin tarayya ta kafa hukumar kare muhalli ta FEPA. A 2007 hukumar NESREA ta karɓi aikin tilasta bin dokokin muhalli, a 2009 kuma aka fitar da ƙa'idojin ƙara. Ma'aunin ƙara shi ake kira desibel. A unguwar da gidaje ne zalla, iyaka ita ce desibel 50 da rana, 35 da dare. Inda gidaje suka cakuɗa da masana'antu da kasuwanci, 60 da rana, 50 da dare. A yankin masana'antu kuwa, a wajen katangar kamfani, 70 da rana, 60 da dare. Dare a wurin wannan doka daga ƙarfe 10 ne zuwa 6 na safe.

Domin mu fahimci lissafin, hirar mutum biyu kusan desibel 60 ce, kuma duk ƙarin desibel 10, kunne yana jin sa kamar an ninka ƙarar. Ke nan, idan mutum yana tsakar gidansa da tsakar dare amma sai ya ɗaga murya kafin iyalinsa su ji shi, ko ba na'ura ya san an wuce gona da iri.

Illar ba ƙarama ba ce. Ma'aikacin da ke wuni a ƙarar da ta haura desibel 85 jinsa yana raguwa a hankali, kuma kunnen da ƙara ta kashe ba ya dawowa. Rashin barci yana taimaka wa hawan jini. Malamanmu da ke nan sun fi ni sanin yadda yaron da bai yi barci ba yake gyangyaɗi a aji.

Ba ina kira a rufe kamfani ba ne. Mun ga gidajen da suka shiga wani hali da masaƙu suka durƙushe. Gyaran ma bai kai nan ba: a gina wa janareto ɗaki, a sa masa salansa mai kyau, a janye shi daga katangar maƙwabta, domin a fili duk ninkin nisa yana rage kusan desibel 6. Hukumar tsara birni ta KNUPDA kuma ta hana yanka filayen gidaje a jikin katangar kamfani. Mu ma mu duba kanmu, don dokar ta shafi injin niƙa, da lasifikar biki, da ƙaramin janareton da muke ajiyewa a gindin tagar maƙwabci.

A ƙarshe ina da roƙo. A cikinmu akwai injiniyoyi da lauyoyi da likitoci da manajojin waɗannan kamfanoni. Ƙungiya ta kafa ƙaramin kwamiti da zai taimaka wa unguwanni su auna ƙarar, su rubuta rana da lokaci, su bi ta hannun mai unguwa a zauna da kamfani. In an ƙi gyarawa, a kai takarda ofishin NESREA da Ma'aikatar Muhalli ta jiha. Ni na ba da sunana, sakatare ya rubuta.