Kafin Ka Sayi Fankar Iska: Jawabi a Taron Wata na Ƙungiya

  'Yan'uwana mazauna Sabo ta Ibadan,

An ce in yi bayani a kan fankar nan da iska ke juyawa ta ba da wutar lantarki, saboda wasunmu sun fara tara kuɗin adashi za su aika Alaba a Legas a sayo musu. Dalilinsu a fili yake. Tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayu na 2023, janareto ya koma kamar baƙon da ya fi mai gida ci, wutar NEPA kuwa (har gobe haka muke kiranta) sai ta ga dama. To amma jama'a, mu 'yan kasuwa ne, ba ma biyan huhun goro sai mun buɗe mun duba.

Abin da za a fara nuna maka shi ne lambar da ke jikin kwali, wat 1,000 ko 2,000. Wannan lamba ba ta aiki sai iska na gudun kamar mita 12 a daƙiƙa, wato iskar da ke kaɗa manyan rassan itace, irin wadda ke zuwa gaban hadari. Kuma lissafin iska ba irin na mudu ba ne, da za ka ce rabin hatsi rabin kuɗi. In gudunta ya ragu da rabi, wutar sai ta koma kashi ɗaya cikin takwas. Fankar wat 1,000, a iska mai mita 6, wat 125 za ta ba ka. A mita 4, ba za ta kai wat 40 ba. A mita 3 kuwa yawancinsu lokacin ne ma suke fara motsi.

To, wace iska muke da ita a nan? Yawancin ƙasar kudu, in ka bar bakin teku, matsakaicin gudunta bai cika wuce mita 3 ba. Ita ce wadda za ka ji a fuskarka, ganye ya ɗan yi motsi, shi ke nan. Wadda ake nema ita ce mai ɗaga ƙura da takardu daga ƙasa, kuma ta yini tana yi. Irin wannan sai Jos, Sakkwato, Katsina, Kano, musamman lokacin hunturu. Ba banza ba aka kai gonar iska ta gwamnati mai megawat 10 Lambar Rimi a Jihar Katsina, fankoki 37 a fili fetal, ba a kawo ta nan ba.

Wanda ya nace sai ya saya, ko don gidansa na Arewa, to ya bar kwali ya ɗauki tef ya auna faɗin fuka-fukan, domin su ne ke kama iska. In faɗin ya ninka biyu, wutar ninki huɗu take yi. Wadda faɗinta mita ɗaya ne da 'yan kai, ko a babbar iska da ƙyar ta yi wat 400. In ka ga an rubuta mata 3,000, yi sallama ka wuce.

Sai maganar tsawo, wadda mutane ke rainawa. Iskar da ke ratsa tsakanin gidaje hargitsattsiya ce, fankar sai ta yi ta waige-waige ba ta tara komai. Masana sun ce a ɗora ta kamar mita 9 sama da duk gini ko bishiyar da ke kusa. Ku dubi cunkoson Sabo, ina za ka kafa wannan turke? In kuma ka ɗaura ta a kan rufin kwano, girgizarta ta hana iyali barci, ta sassauta ƙusa, damina ta zo ɗaki ya yi yoyo. Balle wanda ke gidan haya.

Kada a manta kuɗin fanka ba shi ne kuɗin wuta ba. Akwai batir, da inbata, da na'urar da ke hana batir cika ya wuce kima. Ta fanka daban take da ta sola, domin dole ta sami inda za ta zubar da rarar wuta, in ba haka ba fankar ta yi gudun da zai hallaka ta. A tambayi mai kaya ko tana da birki, saboda guguwar farkon damina, a kuma sa mata waya ta shiga ƙasa saboda tsawa.

Ni dai a ganina, mai zama nan ya zuba kuɗinsa a sola. Faranti guda mai wat 300 yakan tara kusan yunit ɗaya a yini, ya riƙe fitilu da cajin waya da fankar ɗaki, ba ƙara, ba abin da ke juyawa balle ya ci. Masu adashin nan, don Allah ku dakata da aika kuɗin, mu zauna bayan La'asar da takardun da aka ba ku mu duba tare.