Bireka Da Injin Zarto: Darasin Da Na Koya A Garejina



Da yawanku kun san cewa tun da na yi ritaya na koma sana'ar kafinta a garejin gidana. Na sayi injin zarto na tebur mai ƙarfin doki 2, wato kusan wat 1,500, na jona shi a layin da ke ba fitilu wuta. Duk sanda na kunna shi sai bireka, makunnin nan da ke yanke wuta da kansa, ya faɗi. Da abin ya ishe ni, na cire mai lamba 10 na ɗaura mai lamba 32. Injin ya tashi lafiya, ni kuwa har da yaba wa kaina. Bayan 'yan kwanaki ina cikin tsaga katako na ji ƙauri, ashe robar wayar ce ke narkewa, ga dusar katako jibge a ƙarƙashinta. Garin neman ƙiba na kusa samo rama. Allah ne ya tsare ni da iyalina.

Mai aikin wutar da na kira ya tuna mini da abin da malaminmu na kimiyya ya koya mana: aikin bireka shi ne kare waya daga zafi. Tawa wayar mai lamba 1.5 ce, wadda ƙarfinta bai wuce amfiya 15 ko 16 ba. Wuta ta yi ta cin ta, birekan 32 kuma yana zaune bai motsa ba.

Ga lissafin da ya yi mini. A jikin kowane inji akwai ɗan faranti da ke nuna amfiyar da yake ja. Nawa amfiya 10 ne a kan wutarmu ta bolt 230. Amma a daƙiƙar da yake tashi yakan fizgi ninki biyar zuwa bakwai, a ce amfiya 60. Nan harafin da ke gaban lambar bireka yake da amfani. Mai harafin B yana faɗuwa nan take idan wuta ta kai ninki 3 zuwa 5 na lambarsa, mai C kuwa sai ta kai ninki 5 zuwa 10. Saboda haka B16 zai iya faɗuwa daga amfiya 48, amma C16 zai jure har 80, ya bar injin ya tashi.

Sai ya ja mini layi na musamman daga akwatin wuta da wayar tagulla mai lamba 2.5, ya ɗaura C16, ya haɗa wayar ƙasa, ya ƙara na'urar da ke yanke wuta idan ta fara zurarewa ta jikin mutum, mai miliamfiya 30. Tun daga ranar ban sake jin ƙauri ba.

Shawarata gare ku, 'yan'uwa, idan bireka yana yawan faɗuwa, ku duba farantin injin da kaurin wayar kafin ku taɓa lambarsa. A guji doguwar waya siririya, a wasa haƙoran zarto, domin dakusasshen zarto yana sa inji ya ja wuta da yawa. Aikin kuma a ba wanda ya san shi, don kuɗin da na biya mai aikin wuta bai kai na kwanon rufi ɗaya bandir ba.

Malamanmu da suka riga mu gidan gaskiya, Allah ya jiƙansu.