Rini a Ɗakin Gwaji: Hanyar Gane Ƙwayoyin Cuta



Tarihin Hausa Bakwai ya kira Kano da Rano Sarakunan Baba, saboda gwanintarsu ga rini. Mutumin Dawaki ko Kibiya ya sani sarai wani zane yana kama baba, wani kuwa yana zuba da wankin farko. To, a kan wannan hikima aikin gane ƙwayoyin cuta ya tsaya.

A 1884 wani likita ɗan Denmak, Hans Christian Gram, ya fito da hanyar da ake bi har yau. Akan shafa abin da aka ɗebo daga majiyyaci a kan gilashi, a gifta shi bisa wuta don ya manne. Sa'an nan a zuba rini ruwan shuni, a bi shi da aidin, a ɗauraye da sifirit, daga bisani a sa jan rini. Ƙwayoyi masu kaurin bango sukan riƙe shunin, masu siririn bango kuwa sai su sake shi, su ɗauki ja.

Alal misali, a kawo yaro da bazara, wuya ya sanƙare, jiki ya yi zafi. Idan aka rina ruwan da aka zuƙo daga gadon bayansa, madubin likita ya nuna jajayen ƙwayoyi bibbiyu kamar wake, to, irin masu haddasa annobar sanƙarau ne. Su ne a 1996 suka kama fiye da mutum 100,000 a Nijeriya, fiye da 11,000 suka rasu. Rinin bai wuce 'yan mintoci ba, alhali renon ƙwayoyin yakan ci kwana ɗaya ko biyu.

Ƙwayar tarin fuka, wadda Robert Koch ya gano a 1882, tana da kitse a jikinta, ba ta karɓar wannan rini. Ita sai hanyar Ziehl da Neelsen: a ɗumama jan rini bisa kakin majiyyaci, a wanke da asid, ita kaɗai ta tsaya ja.

Abu biyu ya kamata a riƙe. Shan magani barkatai kafin gwaji yana ɓatar da sawun ƙwayoyin. Madubi kuma ba ya aiki sai da rini mai kyau da ƙwararren ma'aikaci, kuma tanadinsu a asibitocin karkara yana wuyan masu tsara kasafi.

Allah ya ba mu lafiya, amin.