Baƙo Mai Shan Taba A Ɗakin Haɗaka

(Wannan shi ne jawabin da ɗaya daga cikin 'yan uwa masu hidimar matafiya ya gabatar ga matasan da ke shirin tafiya Umarar watan Ramalana. A sha karatu lafiya.)

Bismillahir Rahmanir Rahim. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Manzon Allah (S) da iyalan gidansa da sahabbansa.

Abin da aka ce in yi magana a kai ƙarami ne a ido, amma shi ne irin abin da ke sa mutanen da suka bar gida suna raha su dawo ba sa ga maciji. Mafi yawanmu ba mu da ƙarfin kama ɗaki mu kaɗai a Makka ko Madina, sai dai a yi karo-karo, mutum huɗu ko biyar a ɗaki guda. Ɗakunan nan kuwa galibinsu an hana shan taba a ciki, za ka ga alamar a bayan ƙofa ko a kan tebur. Tun shekarar 2001 hukumomin Saudiyya suka ayyana garuruwan biyu a matsayin inda ba a yarda da taba ba. To ga ku a ɗaki an dawo daga Harami bayan shan ruwa, sai ga baƙo, wataƙila ɗan garinku ne mazaunin Jidda, wataƙila ma kawunka ne da ya sauka a wani otal. An gaisa, an zuba shayi, sai ka ga ya fara laluben aljihu. Mutumin nan tun asuba bai sa kara a baki ba. Yaya za ka yi?

Abin da akasari muke yi shi ne kunya ta kama mu, mu ce, "Kawu, ga baranda nan," ko in ɗakin ba shi da baranda mu buɗe masa taga, muna ganin mun raba gardama. A nan nake so mu ɗan tsaya, domin baranda ba waje ba ce. Hayaƙi sama yake yi. Barandar da ke bisa taku akwai mai ita, ƙila tsohuwa ce mai asma da ta shekara goma tana tara kuɗin zuwa, ƙila mutum ne ya shanya haraminsa. Ƙofar barandar kuma ba ta rufuwa ruf, iska na mayar da hayaƙin ciki, ya kama labule da katifa da rigunan 'yan ɗaki, gobe su shiga sahu da shi. Mun san Manzon Allah (S) ya hana wanda ya ci ɗanyar tafarnuwa ko albasa kusantar masallaci saboda kada ya cutar da mutane da wari, alhali su halal ne. Ina ga hayaƙin da likitoci suka ƙirga sinadarai sama da 7,000 a cikinsa, kusan 70 daga ciki masu jawo ciwon daji? Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce taba na kashe sama da mutum miliyan 7 a kowace shekara, kuma sama da miliyan 1 daga cikinsu ba su taɓa saye ko kara guda ba, hayaƙin wasu suka shaƙa.

Sannan ga wuta. A watan Nuwamba na 2014, a birnin Melbon na Ostareliya, wani ya bar guntun taba bai mutu ba a barandar hawa na 8 na wani dogon bene. Cikin 'yan mintuna wuta ta bi jikin ginin har hawa na 21, aka kwashe ɗaruruwan mutane da tsakar dare. Allah ya kiyaye ba a rasa rai ba. Ku auna wannan da otal cike da tsofaffi a goman ƙarshe na azumi, lifta ba ta aiki, kowa sai matakala.

Wani abin da muke mantawa shi ne alƙawari. Wanda ya miƙa fasfo aka rubuta sunansa a kan ɗakin ya karɓi sharuɗɗan masu otal, kuma musulmi yana kan sharaɗin da ya ɗauka. In aka ji wari aka ci tara, daga aljihun 'yan ɗaki za ta fito, har da wanda yake can yana ɗawafi lokacin da aka sha. Kuma don Allah, wannan dabarar ta ɗaure na'urar gano hayaƙi da leda ko safa, kada a ji ta daga wani cikinmu. Rayukan duk wanda ke wannan hawa ne ka ɗaure a ledar.

To yaya za a yi da baƙon? Ka riga ashana. Da ka ga alama, ko in ka san halinsa tun daga gida, ka tashi ka ja shi gefe, kada a gaban yara. Ka ce, "Kawu, ɗakin nan an hana, kuma da sunana aka kama. Mu sauka in tambayar maka inda aka yarda." Ka je da ƙafarka wajen masu karɓar baƙi ka tambaya, domin a kewayen Harami titi ma ba wurin sha ba ne. In sun ce babu wuri, ka faɗa masa gaskiya babu. Ka dawo da shi ɗaki ka ƙara masa shayi. Haƙƙin baƙo a kanka shi ne abinci da shimfiɗa da sakin fuska, huhun abokan ɗakinka ba ya ciki, domin ba naka ba ne balle ka yi kyauta da shi.

Akwai kuma 'yan uwanmu masu zafi, waɗanda da sun ga kwalin sigari sai su miƙe da wa'azi, a tara mutane a kan dattijo kamar an kama ɓarawo. Wannan ma ba tarbiyyarmu ba ce. A sani cewa malamai sun daɗe suna tattauna hukuncin taba. A farkon ƙarni na 17, lokacin da ta shigo ƙasashenmu, babban malamin Tambutu, Shehu Ahmad Baba, ya yi rubutu yana ganin halaccinta, wasu malamai kuma suka saɓa masa. A wancan zamani ba a san abin da take yi wa ƙirji ba. Da ilimin likita ya bayyana sai fatawowi suka karkata, har Muftin Masar, Nasr Farid Wasil, ya ba da fatawar haramcinta a shekarar 2000. Ni a fahimtata wannan ita ce magana mai ƙarfi. Amma mai shan nan jarrabawa ce ta same shi, da yawansu sun fi ka son su daina. In ka kunyata shi, taba ba zai bari ba, kai zai bari, kuma gobe ba zai saurari komai daga bakinka ba.

In kuwa mashayin ɗaya ne daga cikin 'yan ɗakin, maganar ta fi sauƙi in an yi ta tun a nan gida, kafin a haɗa kuɗi. Amirin tafiya ya tambayi kowa a keɓe. Wanda yake sha ya faɗa, ba za a bar shi a baya ba, sai dai a yi yarjejeniya: ba a ɗaki ba, ba a bayi ba, ba a baranda ba, kuma rigar da ya sha da ita ya sa ta a leda ya ɗaure. Wanda yake son ya yi amfani da tafiyar ya daina, a taimaka masa. Mutumin da ya iya haƙuri daga asuba zuwa faɗuwar rana ya riga ya ci rabin yaƙin. Ƙishin tabar kan taso ne ya lafa cikin mintuna kaɗan, saboda haka wani ya zauna kusa da shi a lokacin shan ruwa, a miƙa masa zamzam da asuwaki, a ja shi zuwa Tarawihi da wuri. Akwai kuma cingam na nikotin a kantunan magani, sai ya tambayi likita kafin mu tashi.

Masu tambaya su rubuto a takarda su miƙa wa amirin ɗakinsu, ba sai sun sa suna ba.