Kafin A Kafa Tubali A Filin Gwamnati

Jawabin wannan wata a kan fuloti ne, da takardun da ake nema kafin a yi gini a filin gwamnati.

A ɗauki misalin manomin da ya sayar da shanunsa biyu ya sayi fuloti a bakin gari. Dillali ya ba shi 'yar takarda, shaidu sun sa hannu. Ya buga bulo, ya ta da ɗaki biyu. Wata safiya ya tarar an shafa wa katangarsa jan fenti. Ashe wurin hanya ce za ta bi. Aka rushe ginin, bai sami ko sisi ba. Bai yi sata ba. Abin da ya rasa takarda biyu ne: ta mallakar fili da ta izinin gini.

Ƙasa a hannun wa take?

A 1978, zamanin mulkin soja na Janar Obasanjo, aka kafa Dokar Amfani da Ƙasa, kuma har yau tana aiki. Dokar ta danƙa ƙasar kowace jiha amana a hannun Gwamna domin amfanin jama'a. Filayen birni Gwamna ne ke ba da su. Na karkara kuwa ƙaramar hukuma ce ke kula da su. Gonar gado da gidan gado da aka riƙe tun kafin 1978 suna nan a hannun masu su. Amma filin hukuma, dagaci ko mai unguwa ba su da ikon sayar da shi. Su shaidu ne, kuma shaidarsu tana da amfani, sai dai ba ita ce mallaka ba.

Takarda ta farko: mallakar fili

Mai neman fili a karkara zai je ofishin ƙasa na ƙaramar hukumarsa. Idan wurin ya shiga cikin birni, sai ma'aikatar ƙasa ta jiha. Zai cike fom, ya biya kuɗin da aka yanka, ya karɓi rasit. Safiyo zai auna filin, ya kafa duwatsun iyaka, ya zana taswira. Bayan haka a ba shi takardar shaidar mallaka. Wadda Gwamna ke sa wa hannu, yawanci ta shekara 99 ce idan gidan zama ne. Gwamna ba ya ba wanda bai kai shekara 21 ba, sai ta hannun waliyyinsa.

Takardar tana da sharuɗɗa, ya kamata a karanta su da kyau. Akwai kuɗin ƙasa da ake biya duk shekara. Akwai wa'adin yin gini, sau da yawa shekara biyu. Filin da aka bayar don gida ba a mai da shi gidan mai ko masana'anta sai da sabon izini. Haka kuma ba a sayarwa ko jinginarwa sai da yardar hukumar da ta bayar. Wanda ya karya sharaɗi, ana iya ƙwace filin.

Takarda ta biyu: izinin gini

Mallakar fili daban, izinin gini daban. Dokar tsara birane ta 1992 ta ce kada a fara gini sai an sami izini. A Kano hukumar KNUPDA ce ke bayarwa, a Kaduna kuma KASUPDA. A ƙauye a fara tambaya a sashen ayyuka na ƙaramar hukuma. Ana kai zanen ginin tare da kwafin takardar fili. Ma'aikata za su zo su duba. Za su ga tazarar gida da hanya, da inda masai zai zauna nesa da rijiya, da inda ruwan sama zai bi.

Inda ba a gini

Ba a gini a kan hanya, ko burtali, ko maƙabarta, ko filin makaranta da na asibiti. Ba a gini a gandun dajin gwamnati, ko a hanyar ruwa, ko ƙarƙashin manyan wayoyin lantarki. Fuloti mai arha a irin waɗannan wurare, araha ce da ba ta ado.

Idan gwamnati ta buƙaci filin

Doka ta yarda gwamnati ta karɓi fili don amfanin jama'a, kamar hanya ko asibiti. Dole ta ba da sanarwa. Mai haƙƙi na gaskiya za a biya shi diyyar gini da shuka da itatuwan da ke kai. Wanda ya yi gini a filin da ba nasa ba, ko ba da izini ba, da wuya ya sami komai.

Don haka a tambaya a ofis kafin a miƙa wa dillali kuɗi. Kada a biya ko kwabo ba rasit. A yi kwafin kowace takarda, a adana ta asali inda ruwa da gara ba za su kai ba. Rigakafi ya fi magani.