Gammon Ƙashin Baya da Yadda Ake Neman Gyara Shi

Yau maganarmu a kan ciwon baya ne, irin wanda ke saukowa ta ɗuwawu har ƙafa.

Ku sani ƙashin baya ba sanda guda ba ne. Ƙananan ƙasusuwa ne aka jera, wani bisa wani, tsakaninsu kuwa akwai wani abu mai kama da gammo. Guda 23 ne a jikin mutum. Gefensa tauri gare shi kamar kirgi, cikinsa kuwa taushi da yauƙi, galibinsa ruwa ne. Shi ke tare nauyi in kun ɗauki buhu. Yini guda yana matsuwa, da dare ya sāke shan ruwa, shi ya sa mutum ya fi tsawo kaɗan da asuba.

To, in shekaru suka ja, ko aka sunkuya aka ciccibi kaya ba daidai ba, gefen nan ya kan tsage, na ciki ya bullo ya danne jijiya. Abin wuya shi ne, jini ba ya shiga tsakiyar gammon babban mutum. Wurin da jini ba ya zuwa kuwa ba ya saurin warkewa.

Tun 1934 waɗansu likitoci biyu a Boston ta Amurka, Mixter da Barr, suka nuna ana iya yin aiki a cire abin da ya bullo. Zafi ya kan tafi, amma ramin yana nan, wani lokaci abin ya sāke fitowa. Sai masana suka shiga neman abin da za a sa a jiki, jiki bai ƙi shi ba. A Suwidin an gwada ƙwallon ƙarfe, sai ya riƙa nutsewa cikin ƙashi, aka bari. A 1984 a asibitin Charité na Balin aka sa wa mutum gammon ƙira, watau faranti biyu na ƙarfe da roba mai tauri a tsakani. Har yanzu ana sa irinsa, amma ba kowane mai ciwo ya dace da shi ba.

Abin da ake nema yau ya fi wannan. Ana so a yi wa gammon faci, kamar yadda ake yi wa tayar keke, sa'an nan a cika shi. A 2020 masana a Jami'ar Cornell suka gwada haka ga tumaki: suka ɗura wani abu mai yauƙi mai riƙe ruwa, suka liƙe tsagar da wani ƙaro da aka yi daga abin da ke cikin jijiya da fata. Gammon tumakin bai lotsa ba. Amma tunkiya ba mutum ba ce, galibin irin waɗannan abubuwa gwaji ake yi tukuna. Saboda haka in wani ya zo kasuwa da allura ya ce tana tsirar da sabon gammo, kada ku ba shi kuɗinku.

Yawancin masu wannan ciwo su kan sami sauƙi cikin mako 6 zuwa 12 ba tare da an yi musu aiki ba. Ku sha maganin da malamin asibiti ya ba ku, ku riƙa ɗan tattaki, kada ku kwanta ɗungum. Tsaga da ƙaho ba sa kaiwa inda ciwon yake. In za ku ɗauki kaya, ku durƙusa, ku jawo shi kusa da jiki, ku miƙe da ƙarfin cinya. Mai shan taba ya bari, gama tana ƙara busar da gammon.

Amma fa ku ji wannan. In fitsari ya ƙi fita, ko fitsari da bayan gida suna zuwa ba a sani ba, ko tsakanin cinyoyi ya mutu, ko ƙafa tana ja, kada a kwana, a tafi babban asibiti ran nan. Haka kuma in akwai rama, da zufar dare, da ƙusumbi na tasowa, wataƙila tarin fuka ne ya shiga ƙashi, maganinsa dabam ne. Ku gaya wa malamin asibitinku duka, ya ba ku takarda zuwa wurin likita.